Ranar da Na Zuba Asid a Buta

Abubuwa da yawa na shekarun gudun hijira sun gushe daga kaina, wasu ma ni na kore su da gangan, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da surukina ya zo duba gidan da na kama a Jimeta ba. Har yau in ina kan keken ɗinki abin ya faɗo mini, sai ƙafata ta tsaya da kanta, in rufe fuska da tafin hannu. Abokan aikina sun saba, ba sa ma tambaya.

Ni tela ne. A Mubi aka haife ni, can kakana ya sauka da fatauci bai koma ba, can na buɗe shago, can na yi aure. Da tashin hankali ya iso garin da ƙafa muka fito, ni da matata Hapsatu da jaririyarmu Ummi a goye. Kekunan ɗinkina na baro su da zare a jiki. Da muka iso Girei, Hapsatu ta shiga gidan mahaifinta, ni kuma na tsallako gada na shigo Jimeta neman abin yi. Wani bawan Allah mai shago a bayan babbar kasuwa ya ba ni keke, ya kuma bar ni ina kwana a kan teburin yankan yadi.

A lokacin Jimeta ta cika ta batse da mutane, amma ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan zaman ba. Da rana ba laifi, akwai hayaniya. Da an yi magariba kowa ya kakkaɓe zare daga rigarsa ya ce sai da safe, ya tafi inda ake jiransa. Ni babu mai jirana. In ci taliya a wurin mai shayi, in dawo in ja ƙofa, in zauna ina kallon rigunan 'ya'yan mutane a rataye. (Akwai lokacin da na kama kaina ina yi wa keken ɗinki bayanin yadda ranar ta kasance. Bai ce komai ba, amma ya fi wasu saurare.)

Za ka ce ai Girei ba nisa, me ya hana ni zuwa? Ina zuwa mana, ranar Juma'a. Amma wanda bai auri 'yar Fulani ba ba zai gane irin zuwan ba. Surukina, Modibbo Buba, malami ne, dogon tsoho mai tsadar magana. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa kallon ƙwayar idonsa ba. Daga nesa nake cire takalmi. Ban taɓa kai ko ruwa bakina a gabansa ba. Ko muna zaune a zaure ɗaya, maganarmu ta bakin Hamma Sa'adu take bi, wato yayan Hapsatu. Sunansa kuwa ba a ma maganarsa. Matarsa ba ta faɗa, 'ya'yansa ba sa faɗa, ni ko wani Buba daban na haɗu da shi, "mai sunan Baaba" nake ce masa. Ga Ummi 'yar fari ce, babu damar in ɗauke ta in yi mata wasa a gidan kakanta. A fito da ita, in saci kallo, in ce, "Yaya yarinyar nan?" kamar 'yar maƙwabta, in tashi in kama hanya.

To duk burina a duniya bai wuce ɗaki mai ƙofa ba, inda zan rufe in ɗauki 'yata babu mai kallona.

Allah ya sa na samu ɗaki da falo a wani gidan haya, har da banɗaki a ciki. Na aika Girei cewa na shirya karɓar iyalina. Amsa ta dawo cewa Modibbo zai zo ya gani da idonsa tukuna. Da yamma Hapsatu ta kira ni tana magana ƙasa-ƙasa.

"Kada ka wahalar da kanka da labule," in ji ta. "Baaba ba ya kallon ɗaki. Banɗaki zai duba. In tsarkin wurin bai kwanta masa ba, ba zai ce maka komai ba, amma ba za mu zo ba."

Na ajiye waya na je na tsaya a ƙofar banɗakin. Kafin ni iyalai da dama 'yan gudun hijira sun zauna a gidan a cunkushe, ga ruwan burtsatsen unguwar mai barin dauɗa a duk inda ya kwanta. Tayil ɗin da aka ce fari ne ya koma launin haƙoran mai cin goro. Na sa garin sabulu, na sa toka, na sa yashi, na kankare da soson ƙarfe har yatsuna suka yi kanta. Ko gezau.

Wani abokin aikina ne ya ce in nemi asid na wanke tayil. Ya kwatanta mini shagon wata mata a layin masu sinadarai a kasuwa, kowa Madam yake ce mata. Ta zuba mini a 'yar jarka, amma ta riƙe ta ƙi saki, ta kafe ni da ido.

"Oga tela, ka taɓa aiki da wannan abu?"

"Ai ba wani abu ba ne," na ce.

"Wani abu ne o! Ka ji ni da kyau. Ruwa za ka fara zubawa a bokitin roba, ruwa mai yawa. Sannan ka zuba asid a kan ruwa, small small. Kada ka zuba ruwa a kan asid, zai yi tsalle ya kama maka fuska. Ka sa safar hannu, ka rufe ido, ka buɗe taga. Kada ka haɗa shi da bilic na wanki, hayaƙinsa zai kwantar da kai a wurin. In ya taɓa jiki, ruwa, ruwa, ruwa, no stop. Kuma abeg, kada ka juye shi a robar ruwan sha."

Ina so a shaide ni a nan, domin shi kaɗai ne abin alfaharina a labarin: duk abin da matar nan ta faɗa na bi. Ranar da aka ce Modibbo zai zo bayan la'asar, da hantsi na fara. Na sa safar roba har gwiwar hannu. Na ari tabarau na wani mai walda. Na ɗaure hanci da ragowar yadin wata amarya mai furanni. Na wangale taga da ƙofa. Na cika bokiti da ruwa, na tsiyaya asid a hankali ta gefe, ina kawar da fuska. Da wani ya shigo ya gan ni da ya ɗauka likita ne, ko kuma ɗan fashi.

Matsalar ta fara ne daga wayona. Na ga in na kwara da kofi, ruwan yana zuba ko'ina, ba ya bin inda dattin yake, musamman can ƙarƙashin leɓen masai da kusurwoyin bango. Ni kuwa tela ne, ina son abu ya bi layi. Sai idona ya faɗa kan butata. Ga baki siriri, ga mariƙi, ga ta roba ce. Dama na sayo sabuwar buta musamman domin Modibbo, tana ɗaki a cikin leda, saboda haka tsohuwar ta zama ba ta da aiki. Madam ta ce kada a juye a robar ruwan sha. Ba ta ce buta ba. (Yanzu da na yi hankali na gane dalili. Bai taɓa zuwa mata a rai ba cewa Allah ya halicci wanda zai yi hakan.)

Na ɗura gaurayen a buta, kuma wallahi aiki ya yi kyau. In bi layi da bakin buta, dauɗa ta yi kumfa ta tashi, in ɗan goga, in kwara ruwa mai yawa kafin ya fara cin simintin tsakani. Tayil ya dinga fitowa fari fat. Har waƙa na fara yi ta cikin ƙyallen hancina. Ina ta lissafa wa kaina telolin da zan koya wa wannan dabara.

Saura bango ɗaya, butar da saura wajen rabi, sai na ji sallama a tsakar gida. Muryar Hamma Sa'adu ce. Ashe sun sami motar wani ɗalibin Modibbo mai shigowa Yola, suka biyo shi tun kafin azahar.

Ban san yadda aka yi na fito ba. Na dai san na fito da buta a hannu, da tabarau, da furanni a hanci. Na hango farar babbar riga da rawani a bayan Hamma. Na dangwarar da butar a bakin ƙofa, na koma ciki da gudu, na tuɓe kayan yaƙi na watsa bayan ƙyaure, na ɗauraye hannu, na fito da tabarma. Na shimfiɗa wa Modibbo a inuwar baranda, na ja baya can jikin bango na durƙusa, na sunkuyar da kai.

Aka gaisa ta bakin Hamma. Ya hanya, ya mutanen gida, ya haƙuri da abin da ya same mu. Ni dai "lafiya lau" nake ta ce wa ƙasa. Matan gidan hayar suka ɗan leƙo suka gaida baƙo, suka koma bakin murhunsu suna satar kallo. Hamma ya ce bari ya leƙa ɗakin, ya shige ciki. Aka bar ni da Modibbo, shi yana jan carbi, ni ina ƙirga tururuwa.

Sai aka kira azahar.

A ƙa'ida ni ya kamata in tashi in kawo ruwa. Amma kafin in gama shawara da kaina ko tashi a gabansa rashin kunya ne, tsohon ya riga ya miƙe. Mutum ne da ba ya son a yi masa hidima. Ta gefen ido na ga ƙafafunsa sun nufi bakin ƙofa. Na ji ƙarar roba a kan siminti. Na ga ya tsuguna a bakin magudana, ya naɗe hannun riga.

A ranar na fara ɗaga kai a gaban surukina. Butar tana hannunsa na hagu, ya tara tafin dama, leɓunansa suna motsi da bisimilla. Kaina ya bi abin da zai biyo baya a jere, domin kowa ya san yadda alwala take. Hannu, sannan baki, sannan hanci, sannan fuska da idanu.

Na yi niyyar cewa, "Allah ya gafarta Modibbo, a ɗan dakata." Na rantse haka na shirya. Amma maganar ta yi tsawo, butar kuma ta fara karkata. Abin da ya fito daga bakina, da muryar da ban san ina da ita ba, shi ne:

"Buba! Kai Buba, ajiye!"

Ban tsaya nan ba. Na yi tsalle na tsallake tabarma, na kai wa hannunsa duka. Butar ta tashi sama ta faɗi gefe. Ruwan ya malale a kan siminti yana tafasa yana kumfa, wari ya tashi. Na ga ɗigo ya fantsama a ƙafarsa da gefen rigarsa, sai muryar Madam ta faɗo mini. Na cafki wuyan hannun tsohon nan, na ja shi zuwa bakin durom ɗin ruwa kamar yaron da ya ƙi wanka, na ɗebi bokiti na sheƙa masa. Na sake ɗiba na sheƙa. Ruwa, ruwa, ruwa, in ji Madam, ni kuwa mai biyayya ne. Ban daina ba sai da rawaninsa ya warware, jelarsa ta kwanta a cikin kwata.

"Wayyo, tela ya mari baba!" in ji wata maƙwabciya. "Yana kashe shi da ruwa!"

Hamma ya fito da gudu ya tsaya turus. Gidan ya yi tsit, ba ka jin komai sai simintin da ke ta ƙananan ƙara shi kaɗai. Sai a lokacin na lura har yanzu ina riƙe da hannun Modibbo, kuma ido cikin ido muke kallon juna. (Idanunsa ashe masu ɗan haske ne, irin na Ummi. Shekara da shekaru ban sani ba sai ranar.)

"Asid ne," na ce, na saki hannun. "Na wanke banɗaki. A butar."

Modibbo ya dubi kumfar da ke ƙasa, ya dubi tafin hannunsa, ya juya shi. Ko ƙwarzane babu, alhamdulillahi. Ya sunkuya ya tattara jelar rawaninsa ya matse. Ya faɗi kalma ɗaya da Fulatanci, wadda ko ni mai guntun Fulatanci na gane: mu tafi. Suka fita yana ɗiga. Na zaci masallaci za su je su dawo. Ba su dawo ba.

Banɗakin da na kusa kashe mutum a kansa, ko leƙa shi bai yi ba.

Na wanke tsakar gidan da ruwa mai yawa, na huda butar da wuƙa don kada wani ya tsinta, na jefar. Sannan na shiga ɗaki na zauna a gaban dambun kaza da fura da nonon da na tanada wa baƙi. Ni kaɗai na ci, har washegari ina ci. Na kira Hapsatu ba ta ɗauka ba. Daga baya ta gaya mini ba fushi ta yi ba, rasa abin da za ta ce ta yi, domin labari ya riga motar isa Girei.

Bayan 'yan kwanaki Hamma ya zo shago da ƙunshi a hammata. Ya ja ni waje, ya kwance. Farar rigar ce. Da aka wanke ta, duk inda ɗigon ya taɓa ya ɓule, gefen ƙasa ya zama kamar abin da gara ta ci.

"Baaba ya ce a kawo wa tela," in ji Hamma.

Na karɓa. "Hamma, maganar sunan nan fa? Wallahi bakina ne ya..."

"Wane suna? Baaba ya ce shi bai ji kowa ya kira kowa ba." Ya ɗan kawar da kai, na ga yana danne dariya. Sai kuma fuskarsa ta canza. "Amma ya ce in tambaye ka abu ɗaya. Ya ce shi babba ne, kuma kana wurin. To da yarinyar ce ta rarrafa ta iske butar nan a bakin ƙofa, kana banɗaki kana waƙa fa?"

Har ga Allah wannan bai taɓa zuwa mini a rai ba, kuma da ya zo sai da na nemi dakali na zauna. Ummi a lokacin duk abin da hannunta ya kai, bakinta yake nufa.

"Ya ce su zauna sai bayan girbi," in ji Hamma. "Kafin nan ka saba da gidan."

Na gyara rigar. Na rage gefen, na bi sauran ɓulin da ɗan aiki mai farin zare yadda sai ka ƙura ido za ka gane. Ban taɓa yi wa wata riga natsuwa irin wannan ba. Na aika ta hannun Hamma, domin ni dai ƙafata ta ƙi tsallaka gada. Babu wanda ya hana ni zuwa Girei. Juma'a ta zo in yi wanka in sa kaya, in je har tasha, sai in ji muryata a kunnena tana cewa "Kai Buba," in juyo. Haka damina ta wuce ina kwana ni kaɗai a ɗaki da falo, da banɗakin da ya fi na kowa haske a unguwar.

Wata rana da la'asar ina shago Hapsatu ta kira. Ba ta yi sallama ba, ta ce, "Yi shiru ka ji." Na toshe ɗaya kunnen. Can na ji ƙarar irin takalmin yaran nan mai kuka in an taka. Ɗaya, shiru, sai wani, sai kuma wasu a jere da sauri, sai mata suka ɗauki guɗa. Ummi ce ta fara tafiya. Na ce masha Allah, na ce a shafa mini kanta. Da na ajiye waya na sunkuya kamar ina neman allura a ƙarƙashin keke, na daɗe ban ɗago ba.

Bayan girbi Modibbo ya cika alkawari. Keke Napep ya sauke su a ƙofar gida da ƙullin kayansu. Na shigar da su, na rufe ƙofa. Abin da na daɗe ina jira ke nan. Na durƙusa a tsakiyar falona, na ware hannuwa. Ummi ta tako da ƙafarta har tsakiyar ɗaki, ta tsaya ta ƙare mini kallo, sannan ta koma ta riƙe zanin uwarta, ta nuna ni da yatsa.

"Kawu," ta ce.

Hapsatu ta fara dariya, da ta ga fuskata ta daina.

To, darasi dai na ɗauka, kuma ban same shi da araha ba. Ruwa ake fara zubawa kafin asid, wannan kowa zai gaya maka. Abin da babu wanda ya yi zaton sai an gaya wa mai hankali shi ne, kada ka zuba shi a cikin abin da hannun mutum ya saba ɗauka ba tare da ya yi tunani ba, kuma kada ka ajiye ragowa ko da na ɗan lokaci ne. Nawa yanzu yana cikin jarkarsa ta asali, na ɗaure wuyanta da jan ƙyalle, tana can sama inda ni ma sai na taka kujera. In kuma ka tafka abin kunya, ka daure ka je a yi maka dariyar a gama, domin yaro ba ya jiran kunyarka ta huce kafin ya girma. Ni dai sai da na sha sayen alewa da biskit kafin aka duba ƙoƙarina a gidan nan, aka ƙara mini girma daga Kawu zuwa Baba.